Yadda zaka kula da tsohon janaretan sojoji kuma ka gano matsalarsa in ya ƙi tashi

Duk wanda ya samu janareta irin wanda sojojin Amurka ke gwanjonsa bayan sun gama da shi, toh ya samu ƙarfe mai ƙwari, amma fa ya sani zama ba aiki da kuma ƙaramin lodi su suka fi kashe injinan nan, aiki baya cinsu kamar yadda ajiya take cinsu. Waɗanda aka fi sawa a gida sune MEP-802A mai kilowat 5 da MEP-803A mai kilowat 10, sai yayyensu MEP-002A da MEP-003A waɗanda iska ke sanyaya su kuma ƙararsu ba'a magana. Duk dizel suke sha, suna juyawa sau 1800 a minti, wato wajen rabin gudun ƙananan janaretocin fetur, shiyasa suke daɗewa. Nauyi kuwa akwai shi, 802A ya kusa kilo 400, 803A ya haura 500.

Kafin komai ka karanta farantin ƙarfen dake jikinsa. Akwai masu kama dasu sak, MEP-812A da MEP-813A, amma wutarsu 400 Hz ce (Hz shine sau nawa wutar ke kai da komo a sakan ɗaya) ta kayan jirgin sama da rada, bata da amfani a gida ko kaɗan, kar arha ta ruɗeka. Su kansu 802A da 803A ɗin 60 Hz suke bayarwa, boltej ɗinsu 120 ko 120/240 ko 120/208 mai layi uku. In kayan gidanka na 50 Hz ne, caja da talabijin da kwan fitila galibi basu damu ba, amma duk abu mai moto kamar firij da famfon ruwa zai riƙa gudu fiye da yadda aka ƙera shi, sai ka duba ko an rubuta 50/60 a jikinsa. Kuma don Allah kar kace zaka rage gudun injin don ya sauko 50, regileta, wato na'urar dake daidaita ƙarfin wutar, ita ce zata wahala. Manyan irinsu MEP-804A mai kilowat 15 sune ke da zaɓin 50 ko 60.

Ranar da ka kawo shi kar ka yi gaggawar kunnawa, ko da mita ta nuna awanninsa kaɗan ne. Zubar da tsohon man dake tanki, leƙa ciki da tocila, in ka ga baƙin kaki ko tsatsa a wanke, domin dizel in ya daɗe ruwa na taruwa a ƙasansa ƙwayoyin cuta su yi ta yaɗuwa su toshe filta. Canza filtar mai da ta baƙin mai, zuba sabon baƙin mai 15W-40, duba ruwan lagireto da fambel, duba filtar iska ko ɓera yayi sheƙa. Ƙananan tiyon da ke maida mai tanki sukan bushe su tsage a 802A da 803A, haka robar dake toshe bakin tanki inda tiyo ke shiga, ni dai shawarata a canza su duka tun basu fara yoyo ba, kuɗinsu ba wani yawa.

Batir ɗinsa bolt 24 ne, guda biyu masu bolt 12 da aka jona a jere, kuma su zama iri ɗaya shekaru ɗaya, in ka haɗa sabo da tsoho tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wajen tayarwa ne mutane da yawa ke kuskure saboda sun saba sakin kii da zarar mota ta kama. Anan ba haka bane. Kai babban makunni kan PRIME & RUN ka saurari famfon mai yana ƙas ƙas, in da sanyi ka riƙe PREHEAT kamar sakan 30, sannan ka murɗa START ka cigaba da riƙewa ko bayan injin ya kama har sai firesha na baƙin mai ya kai wajen 25 psi kuma allurar wuta ta tashi. Riƙewar nan ita ke bawa kwayil wutar farko da zai fara samar da lantarki, in ka saki da wuri ko dai injin ya mutu ko yayi ta gudu babu wuta, kai kuma ka ɗauka ya ƙone alhali lafiyarsa ƙalau. In bai kama ba cikin sakan 15 ka saki, bari sitata ta huce. Ya kama ka bashi kamar minti 5 yayi ɗumi, saita 60 Hz, sannan ka kunna makunnin AC wuta ta fita zuwa kayanka. Su 002A da 003A kar ka taɓa barinsu a silo, yana ƙona regileta. Makunnin zaɓen boltej shima ba'a taɓa shi injin na gudu.

Toh idan ka murɗa shiru ko motsi babu, kafin ka kira makaniki duba abu uku a 802A da 803A: jan maɓallin EMERGENCY STOP ko a danne yake, makunnin DEAD CRANK dake cikin ɗakin injin ko yana kan NORMAL, sai ƙaramar birekar DC. Wlh sau da yawa matsalar bata wuce nan. Bayan su sai kan batir, a kankare a ɗaure tam. In yana juyawa amma ya ƙi kamawa, mai ne ko iska ta shiga layi, duba ko famfo na aiki, ko solenoyid ɗin dake buɗe wa mai hanya na ja, ka buɗe ƙasan filta ka zubar da ruwa. In ya tashi ya mutu, kalli fitilun dake allon gaba, zasu nuna maka firesha na baƙin mai ne ya yi ƙasa ko zafi ne ko mai ya ƙare. Akwai makunnin BATTLE SHORT dake tsallake waɗannan kariyar, anyi shi ne don filin daga inda gara injin ya lalace da wuta ta ɗauke, a gida kar ka bar shi a kunne. In kuwa yana gudu babu wuta duk da ka riƙe START yadda ya kamata, sai a koma kan regileta da wayoyinta. Masu 802A da 803A sun daɗe da sanin cewa in regileta ta samu matsala tana iya ƙona ƙaramin kwayil dake ciyar da ita, shiyasa ake saka fiyus a tsakaninsu, ka duba ko naka yana da shi, in babu a saka. Allurorin allon ma tsufa na sa su ƙarya, riƙa gwadawa da mitar hannu.

Yanzu maganar lodi, wadda ita tafi damuna. Injin kilowat 10 ka jona masa kwan fitila da fanka biyu yayi ta gudu dare da rana, cikinsa baya yin zafin da zai ƙone mai duka, sai kaga baƙin ruwa mai danƙo yana zubowa ta salansa, nozul su daskare da baƙi, ƙarfinsa ya ragu. Maganinsa aiki, jona masa hita ko dutsen guga ko murhun lantarki, kana ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai kamar kashi 80 cikin 100, ka barshi wasu awanni har hayaƙin ya washe, kana tsaye kusa domin tartsatsi kan fito. Ko ba'a ɗauke wuta ba duk wata ka tashe shi da lodi na gaske, kuma in gidanka baya cin wuta sosai 802A ya fi maka, wajen lita 2 yake sha a awa da cikakken lodi, 803A kuwa kusan 4. Kafin kashewa cire lodi ya huce minti 5.

Haɗa shi da gida aikin mai gyaran wuta ne wanda ya san aikinsa, kuma dole da cenjoba wadda zata raba gidan da layin gari, in ba haka ba wutarka zata koma kan fol ta kashe ma'aikacin dake gyara. Nuna masa ƙarfen da ya haɗa nutural da at, wato wayar ƙasa, a wajen tashoshin fitar wuta, shi zai san ko a barshi ko a cire gwargwadon irin cenjobar. Injin a waje zai zauna nesa da taga, hayaƙinsa na kisa. Littattafan sojojin da ake kira TM suna nan a intanet kyauta, a na 802A da 803A mai lamba -10 na mai kunnawa ne, -24 na gyara, -24P na lambobin sifeya, ka sauke na injinka ka buga zanen wayoyin ka ajiye kusa da shi, don kowace waya akwai lambarta a jiki kuma da ita zaka bi layin har inda ya yanke.