Darasi na 6: Lambobin da ke jikin motarka

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A darasin baya mun yi lambobi da yadda ake karanta rasit, toh yau karatun zai fita daga aji ya koma gindin mota. Darasin na mai mota ne, da direban gida, da mai jan ta haya yana kai balas da yamma, har da Hajiyar da maigida ya yi tafiya ya bar mata ki. Abin da ya sa na dage sai an saka wannan babin shi ne, inji da yawa da ke bugawa a garuruwanmu ba tsufa ke kashe su ba, matsalar baƙin mai ce da ruwa, kuma duk biyun akwai lamba ko alama a jikin motar da ke nuna halin da ake ciki tun kafin ɓarna ta auku, sai dai mai motar bai san inda zai duba ba, ko ya duba bai iya karantawa ba, sai ya bar komai a hannun bakanike. Bakanike kuwa ba a gidanka yake kwana ba, sai ta lalace yake ganinta.

Baƙin mai

Buɗe bonet da safe kafin ka tada mota, kuma ta kasance a wuri mai lebur, ba a gangare ba. Zaka ga wani ɗan mariƙi mai launin rawaya ko ruwan lemo, shi ne gejin mai. Zaro shi, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Wannan zarowa ta biyun ita ake karantawa. A ƙasan sandar akwai alama biyu, wata motar ɗigo biyu ne, wata an rubuta L da F, wata MIN da MAX. Mai ya tsaya tsakaninsu, kusa da ta sama. In ya sauka ƙasa da ta ƙasa kar ka tada, ƙara tukuna. In kuma ya haura ta sama shi ma matsala ce, don mai da ya yi yawa kumfa yake yi kuma yana sa yoyo, saboda haka batun "a cika shi taf don a huta" ba daidai bane.

Ka kalli launinsa ma. Mai da ya yi aiki yana yin baƙi, wannan ba komai. Amma in ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, galibi gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ranar ba fita, a kira bakanike ya zo gida.

Yanzu ga wurin karatu. Duba murfin da ake zuba mai ta cikinsa, a motoci da yawa an rubuta lamba a kai, misali 5W-30, irin wanda zaka gani a Corolla ɗin nan ta 2003 zuwa 2008 da ta cika titunanmu. Irin wannan lambar ce a jikin galan ɗin mai. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in inji ya ɗau zafi. 20W-50 ya fi 5W-30 kauri nesa ba kusa ba. Mu nan an saba da 20W-50 tun zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kuma ga waɗannan tsofaffin injina ya dace, amma injin zamani hanyoyin mansa sirara ne, in ka ɗura masa mai kauri sai ya ɗau lokaci kafin ya kai sama da safe, a wannan ɗan tsakanin ƙarfe na cin ƙarfe, kuma ba a rana ɗaya zaka ga illar ba. Za a ce maka ai ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi. Ni dai shawarata ka bi abin da kamfanin motar ya rubuta, sai in injin ya riga ya tsufa yana shan mai, nan kam sai a zauna da bakanike mai gaskiya a yi shawara. Kuma dan Allah a guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, sayi galan a rufe, a buɗe shi a gabanka, a canza filta tare da shi duk juye.

Yaushe ake juye? Da man gama-gari, da ƙurarmu da cunkosonmu, kar ka wuce kilomita 5,000, in kuma motar ba ta yawan fita kar ta wuce wata shida da mai ɗaya. Amma a kula da wani abu da ke ruɗa mutane sosai: motar da aka shigo da ita daga Amurka mitarta mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Mil 1 daidai yake da kilomita 1.6, kenan mil 3,000 ya kusa kilomita 5,000. Wanda ya jira mita ta ƙara 5,000 a irin wannan motar, kilomita 8,000 ya yi bai sani ba. Duba kusa da lambar, in ka ga km kilomita ce, in ka ga mi ko miles mil ne.

Ruwa da zafi

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi yin asara. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Zinder yana haura digiri 40, ga esi a kunne, ga cunkoso. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90, kuma a dashbod akwai allura mai C a gefe ɗaya da H a ɗaya gefen. C sanyi, H zafi. Wurin zamanta tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan. Ka saba da kallonta yadda kake kallon gejin fetur.

In ta fara hawa zuwa H, kashe esi, nemi gefe ka faka, kashe mota. Kar ka ce saura kaɗan in kai gida, wannan "saura kaɗan" ɗin shi ke ƙone gaskit ya lanƙwasa kan inji. Buɗe bonet ka jira aƙalla rabin awa. Wallahi kar ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce tafasa, in ya yi tsartuwa fuska da hannu yake ɗayewa. Kar kuma ka bari masu taimako su kwara wa inji ruwan sanyi, niyyarsu mai kyau ce amma ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa. Sai ya huce ka sa tsumma ka murɗa murfin a hankali, ka ƙara ruwa, sannan ka duba ƙasa ko akwai ɗiga, ka duba tiyo, ka duba bel, ka tada ka ga ko fanka na tashi.

Ruwan rijiya da na burtsatse akwai gishiri-gishiri a cikinsu da ke taruwa ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, kuma ruwa zalla tsatsa yake kawowa, shi ya sa zaka ga ruwan wasu motocin ja kamar ƙasa. Ruwan lagireto na galan, mai launin kore ko ja ko ruwan hoda, yana hana tsatsa kuma baya saurin tafasa. In a hanya ne ba yadda zaka yi zuba ruwan da ka samu mai tsabta, amma in ka iso gari a gyara.

Sai batun da ni da bakanikai da yawa ba ma shiri a kansa. Mota na zuwa daga Kwatano ko Legas sai a ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga an murɗa ki. Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa sannan ya buɗe. In babu shi inji baya saurin ɗaukar zafi, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur, ga shan mai ga saurin cinyewar inji, fankar ma da ke gudu ba hutu ba ta daɗewa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi a aljihu, toh me zai sa ka biya kuɗi a mayar da motarka mai shan mai? In mota na zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya mutu, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale, sai a sa sabo. A nemo dalilin.

Fitilun dashbod

In ka murɗa ki duk suna kamawa, in inji ya tashi su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa ko ta kama kana tafiya ita ce abin lura. Ja mai kamar 'yar buta da ɗigo a baki ta mai ce, ma'anarta mai baya zagayawa, tsaya ka kashe nan take, ko minti ɗaya kar ka ƙara. Ja mai hoton batir na nufin caji ya tsaya, ko altaneta mai cajin batir ta lalace ko bel ya tsinke, kuma a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka ka duba allurar zafi. Rawaya mai siffar inji ba ta gaggawa bace in a tsaye take, kai ta a sa mata kwamfuta a karanta, amma in tana ƙiftawa rage gudu ka nufi gareji. Manna mata baƙin salatif ko cire ƙwanta ba gyara bane. In zaka sayi mota ma ka tabbata wannan fitilar ta kama da ka murɗa ki, in bata kama ba sam, ƙila an kashe ta ne don a ɓoye wani abu.

Fetur kuma, a daina yawo da fitilar rizab a kunne kullum. Famfon fetur a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Taya

A gefen kowace taya akwai rubutu. 195/65R15 girmanta ne, ka rubuta naka ka ajiye don ranar saye. Sai ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, zaka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, robar ce ke bushewa ta tsattsage, ga kwalta da zafi ga lodi, sai fashewa ana tsaka da gudu. Don haka in ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko duk inda kuke saye, aka mirgino maka Baljiyam mai kyan zane an shafe ta da mai tana ƙyalli, durƙusa ka karanta shekararta kafin a fara ciniki.

Iska kuma ba mai faci ke yanke ta ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke nuna awon da ya dace, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa in baka yi magana ba, taya ta yi tauri, tsakiyarta ya cinye, birki ya rage kamu. Faɗa masa lambar da bakinka, kuma a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Kar a manta da safaya.

A gareji

Ku karanta wannan hirar bibbiyu, ɗaya mai mota ɗaya bakanike, sannan ku yi musanya.

Mai mota: Salamu alaikum, sannu da aiki Malam, ya kasuwa?
Bakanike: Wa alaikumus salam, Alhaji barka da zuwa. Me ke damunta?
Mai mota: Jiya a cunkoso allurar zafi ta wuce tsakiya, da na hau babban titi sai ta sauko. Ruwa bai ragu ba, mai ma na duba yana daidai.
Bakanike: Toh ranka ya daɗe ai sai mu haɗa fankar kai tsaye a huta.
Mai mota: A'a Malam, a fara duba abin da ya hana ta tashi, ko fis ne ko rile. In akwai abin saye rubuta min sunansa da kuɗinsa, kuɗin aikinka daban, tsohon kuma a sa min a but.

Kun ga bai ce "tana zafi" kawai ya miƙa ki ya tafi ba, ya faɗi yaushe, a ina, da abin da ya riga ya duba, wannan yana rage lalube, lalube kuma shi ke cin kuɗi. Neman tsohon kaya ba zargi bane, bakanike na ƙwarai baya jin haushinsa.

Takardu ma lambobi ne. Duba ranar ƙarewar lasin da inshora tun kafin 'yan rodi sefti ko VIO su duba maka. Inshorar dole ta ƙaramar motar gida a Najeriya ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, a yi ta a kamfanin inshora mai rajista. Lambar shasi kuma haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba a yawancin motoci, in zaka saya bi ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta jikin takardar kwastam, ko harafi ɗaya ya bambanta ka riƙe kuɗinka.

Aikin gida

Kowa ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun dashbod, wanda bashi da mota ya roƙi ta maƙwabci ko ta wurin aiki. A shafin farko rubuta lambar da mita ke nunawa yau da kwanan wata, ka nuna km ce ko mil, sai lambar man da ke kan murfi, da awon iskar da ke jikin ƙofa, da lambobi huɗun nan na kowace taya har safaya, ka lissafa shekarun kowacce. Sannan ka yi wannan lissafin: an yi juye mita na kan mil 142,500, a wace lamba za a sake in ana yi duk mil 3,000? Ku zo da littafin darasi mai zuwa, a kan birki da man giya za mu tsaya.