Yadda Ake Zaga Luang Prabang da Ƙafa Bayan Faɗuwar Rana

Luang Prabang, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar Laos a kudu maso gabashin Asiya, wadda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, tana kwance ne a mahaɗar kogunan Mekong da Nam Khan, kuma tsakiyarta ba ta da girman da zai sa a nemi abin hawa.

Matafiyi ya fara da hawa dutsen Phousi tun da sauran haske, domin matakalarsa ta haura 300, saukowa cikin duhu kuwa sai da tocila. Yana saukowa zai tarar an rufe titin Sisavangvong ga motoci, 'yan kasuwar dare sun kafa rumfuna, sun baje saƙaƙƙun mayafai da fitilun takarda a kan tabarmi. Ya riƙe canjin kip, wato kudin ƙasar Laos, ya yi ciniki cikin sanyin murya, domin mutanen garin ba sa son hayaniya.

A lungun masu abinci akwai gasasshen kifi da shinkafa mai danƙo, amma Musulmi ya tambaya kafin ya saya, saboda naman alade ya yawaita.

Daga nan ya bi gaɓar Mekong a hankali, ya koma masauki da wuri, domin garin yakan yi tsit kafin tsakar dare.