Idan Outlook ya dinga daskare maka, kar ka yi saurin yin fomatin

'Yan uwa masu ofis da shago a nan Legas, musamman masu harkar fiton kaya a Apapa da 'yan kasuwar Alaba, don Allah ku daina yarda a goge muku kwamfuta gaba ɗaya don kawai Outlook, manhajar imel ta Microsoft, ya ƙi buɗewa. Abin yana damuna sosai, domin idan akawun ɗinka irin na POP ne, wato mai sauko da saƙonni ya ajiye su a kwamfutarka, to saƙonninka na shekara da shekaru, da rasit da takardun kwastam, galibi duk suna cikin fayil ɗaya tal a kwamfutar, wanda sunansa ya ƙare da .pst, in ya tafi shikenan.

Saboda haka kafin komai ka rufe Outlook, ka shiga Documents, foldar Outlook Files, ka kwafe wannan fayil ɗin a filas.

To sai ka danne maɓallin Windows da R tare, ka rubuta outlook.exe /safe ka danna Enter. In ya buɗe lafiya lau, galibi matsalar daga 'yan ƙananan manhajojin da suka maƙale masa ce, irin na antibairos ko na PDF. Shiga File, Options, Add-ins, ka danna Go a ƙasa, ka cire alamar dukkansu, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Amma gaskiya mu a nan babban abin da ke kashe Outlook wuta ce. Yana tsaka da ajiye saƙo NEPA ta ɗauke, ko yaro ya juya layi zuwa janareta kwamfuta ta mutu fat, sai fayil ɗin ya samu rauni, daga nan kullum ka buɗe sai ya tsaya yana ta juyi ko ya rufe kansa. Akwai maganinsa a cikin kwamfutarka kyauta, sunansa SCANPST.EXE, a sababbin Office yana cikin Program Files, Microsoft Office, root, Office16. Buɗe shi, nuna masa fayil ɗinka, danna Start, in ya gama ka danna Repair. Ka yi haƙuri da shi fa, yana iya daɗewa har ka zaci ya mutu, kuma kar ka fara sai kana da tabbacin wuta. Wani lokacin sai an maimaita kafin ya daina nuna kuskure. Ka duba nauyin fayil ɗin ma, iyakarsa 50GB ce tun daga Outlook 2010, tun kafin ya kai nan yake fara jan ƙafa.

In kuma buɗewa yake amma saƙo ba ya fita, leƙa Outbox, sau da yawa wani ƙaton hoto ko bidiyo ne ya toshe hanya, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB. Danna Work Offline, goge saƙon, ka sake dannawa ka dawo kan layi.

In kuma Outlook na tambayar fasawod kullum alhali daidai ka sa, duba agogon kwamfutar tukuna, tokunbo da ɗan ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana komawa tsohuwar shekara, sai sabar imel ta ƙi yarda da ita. In Gmail ne a tsohon Outlook, Google ya fara rufe shiga da fasawod zalla tun 2022, sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka ciro App Password, wato fasawod na musamman da Google zai ba ka, ka sa shi a madadin naka.

Duk wannan bai yi ba? Control Panel, Mail, Show Profiles, Add, ka buɗe sabon furofayil ka sake sa akawun ɗin, kar ka goge tsohon sai ka ga saƙonninka sun dawo cif. In za ka kai Computer Village a Ikeja, filas ɗinka ya zauna a aljihunka, kuma ka sayo ɗan UPS a can ko ƙarami ne, wanda zai riƙe maka wuta ka samu ka rufe Outlook da hannunka.