Ka sayi tsohon jirgin ruwa mai inji bayan ritaya? Ga inda kuɗin mutane ke zurarewa

Ni dai da na yi ritaya a Garwa, ɗan abin da ya shigo hannuna tsohon jirgin katako na saya da shi a tafkin Lagdo, da injinsa Yamaha Enduro mai doki 15, kuma kafin nan ban taɓa riƙe kan inji ba sai dai a ɗauke ni a tsallakar da ni Binuwai. Yanzu kusan duk wata sai wani dattijo sa'ana ya zo ya ce Alhaji nima na samu wani jirgi da araha, me zan fara yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, don kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum.

Fenti muke fara saye. Wallahi nima haka na yi, na sa aka shafa shuɗi da fari har da rubuta suna, wata biyu sai ga ruwa yana tsattsafowa ta gindi, dole aka kankare fentin duka a nemo inda katako ya ruɓe. Kafin ka kashe ko sefa ɗaya a kwalliya ɗauki sukundireba ka bi jirgin katako bayan katako kana dannawa, duk inda ya nutse kamar dafaffen rogo to wurin ya mutu, cirewa za a yi ba shafawa ba. Ka fi daɗewa a allon baya inda ake ɗaura inji, don shi ke ɗaukar nauyi da girgiza gaba ɗaya, in ka kama injin ka jijjiga ka ga allon yana motsi tare da shi to kada ka shiga ruwa da wannan jirgi sai an sauya shi. Wasu kuma sai su lulluɓe ruɓaɓɓen katako da faiba, wato zaren gilas da ake shafe shi da gam, ido ya ga ya yi kyau amma laima ta maƙale a ciki tana ci gaba da cin katakon ba mai gani. Kuma ƙusa a sa mai rufin zin, ta gini tsatsa take yi ta bar rami.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, jirgi ya shekara a tudu rana da hunturu sun busar da shi, tsakanin katakan ya buɗe, sai mutum ya ce ya lalace ko ya cusa auduga da kwalta da ƙarfin tsiya. Wani tsohon kafinta a bakin tafki ne ya hana ni, ya ce Alhaji bar shi ya sha ruwa kwana biyu uku katako zai kumbura ya rufe da kansa, abin da ya rage yana yoyo shi za mu toshe. In ka cusa da yawa yana bushe, ranar da ya kumbura sai ya tura ƙusoshi.

To inji, nan ne abin ya fi min ciwo in na gani. Mutum ya kawo inji gida yana ɗoki sai ya ja igiya a tsakar gida ba ruwa don iyali su ji ƙara. Dan Allah kada ka yi. A cikin ƙafar injin akwai wata 'yar roba mai fuka-fukai, impela, ita ke tura ruwa ya sanyaya inji, ruwan kuma shi ne man shafawarta, in ta juya a bushe ba a minti ɗaya ta ƙone, kai kuma ba za ka sani ba sai kana tsakiyar tafki inji ya yi zafi fistin ya kama. Sa ƙafar a cikin durom cike da ruwa kafin ka tayar. Kuma injin da ya daɗe a ajiye a sauya masa impela kawai ko da ta yi kama da mai lafiya, roba tana bushewa ta tsage. Kullum ka tayar ka leƙa baya, akwai ɗan siririn ruwa da yake fitarwa kamar fitsari, in babu shi kashe nan take, wani lokacin yashi ne ko zanzaro ya toshe ramin da laka, siririyar waya ta isa.

Sai haɗin mai. Waɗannan injinan fetur da baƙin mai a haɗe suke sha, kuma ba da ido ake zubawa ba. Irin nawa kashi 50 na fetur kashi 1 na mai ne, wato lita 25 rabin lita, in kuma an sa sabon fistin da ringi sai a ninka man na awa 10 na farko. A nemi man injin ruwa mai rubutun TC-W3, na mota ba nasa ba ne, yana cika fulogi da baƙi. Mu nan da yawanmu zuwa-zuwa, wato fetur ɗin jarka, muke saye a bakin hanya, ban ce kada ka saya ba, amma ka tace shi da kyalle mai tsabta a mazurari, ka kuma zuba kaɗan a farar kwalba ka duba, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Tsohon fetur da ka tarar a tanki zubar da shi, a wanke kafireta, a sauya tiyo in ya taurare.

Man giyar da ke ƙasan ƙafar inji kusan kowa mantawa yake yi da shi. Kwance sukurun ƙasa ka ga kalarsa, in ya fito fari-fari kamar madara ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren koma ko na fatsa ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, a Lagdo kuwa ga komar masunta ko'ina, don haka ka riƙa cire farfela kana dubawa. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabon mai har ya ɓullo ta na sama.

In za ka sauya inji ka auna tsayin allon baya tukuna, akwai mai gajeriyar ƙafa wajen santimita 38 akwai mai doguwa wajen 51. Ta yi gajere farfela ta riƙa shan iska, ta yi tsawo kuma kana dukan yashi duk rani.

Ranar gwaji kada ka kwashi jikoki. Ka tafi da mutum ɗaya wanda ya san ruwan, ku bi gaɓa, ku fara ta sama da ruwa yadda in inji ya mutu ruwa zai dawo da ku gida. Tun da aka gama madatsar ruwan Lagdo a 1982 akwai kututturan itatuwa da ruwa ya shanye, masunta sun san wurarensu sun kuma san inda dorina ke kwana, tambayarsu ba ta rage maka girma. A jirgi a samu filafili biyu da gora da abin kwarfe ruwa, fulogi na ajiya da sifanarsa, igiyar tayarwa ta biyu. Igiyar kashe inji, wadda ke tsayar da shi in ka faɗa ruwa, ka ɗaura ta a wuyan hannu, rigar hana nutsewa kuma a jiki take ba a ƙarƙashin benci ba, ko ka iya iyo kana saurayi, a shekarunmu da babbar riga a jiƙe ba za ka yi nisa ba.