Yadda zaka kare zuciyar kajinka a bazara da hunturu, da maganin da ba a haɗawa

Masu kiwon buroila, wannan kazar mai ƙiba da kake tararwa da safe ta mutu a rigingine ƙafa sama, sau da yawa ba cuta bace, zuciyarta ce ta gaza. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, zuciya na bugawa wajen sau 300 a minti ɗaya, ga buroila tana tara nama cikin sati shida alhali zuciya da huhu basu girma daidai da jikin ba.

A bazara kaza bata gumi sai haki, jini ya taru a fata da tukku don ya huce, aikin zuciya ya ƙaru. In kaga sun buɗe baki sun saki fukafukai to ka janye abinci tun hantsi sai la'asar sakaliya ka mayar, narkar da abinci ma zafi yake haifarwa. Ruwa kuwa kar ya yanke, mai sanyi, ko na randa ne, ka zuba bitamin C, kuma dan Allah kar ka kama su da rana tsaka.

Hunturu yafi yaudara. Sanyi na sa 'yan tsaki su ƙara buƙatar iska, mu kuma sai mu rufe ɗaki ruf da leda mu hura gawayi, iskar ta ƙare, ɓangaren dama na zuciya ya kumbura, nan da sati huɗu ko biyar sai kaga ciki ya cika da ruwa kana ta zargin mai abinci. Ka bar kafa ta sama hayaƙi ya fita, ɗumi ya tsaya digiri 32 zuwa 33 a satin farko, kana rage kamar 3 duk sati. 'Yan Jos ku kun fi kowa fuskantar wannan matsala, ga tudu ga sanyi.

Sai magani. Duba buhun abinci, in akwai monensin ko salinomycin na hana kashin jini to kar ka kuskura ka basu tiamulin na mura, yana hana hanta fitar da su, su taru su lalata tsoka har da ta zuciya. A bar tazarar kwana 7 ba tare da wannan abinci ba kafin da bayan bada tiamulin. Talo-talo kuwa salinomycin kaɗai ma kashe shi yake, maganin furazolidone kuma ya kumbura masa zuciya, don haka kar ka zuba masa abincin buroila sai likitan dabbobi ya karanta abinda ke jikin buhun.