Yadda Ake Kula da Kwikwiyon da Gwiwar Ƙafarsa ta Gaba Ba Ta Zauna Daidai Ba

Yawanci abin yakan bayyana ne tsakanin wata 5 zuwa wata 10 da haihuwa. Kwikwiyo ya tashi daga barci yana ɗingisa ƙafar gaba, in ya ɗan zazzagaya sai tafiyar ta miƙe, da yamma kuma bayan ya sha guje-guje ɗingishin ya dawo. Maigida ya ɗaga tafin ƙafar ya duba ko ƙaya ce ko tsidau, bai ga komai ba. Sai an je asibitin dabbobi an ɗauki hoton ƙashi, a nan likita zai rubuta elbow dysplasia a kati, wato gwiwar ƙafar gaba ba ta zauna daidai ba.

Ƙashi uku ne suka haɗu a gwiwar, ɗaya daga sama, biyu daga ƙasa. Idan girmansu bai tafi tare ba sai gaɓar ta zama kamar ƙyauren da ya karkace, duk buɗewa sai ya ci daɓe. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ya fara gogewa, wani lokaci ɗan ɓallin ƙashi ya tsage ta gefen ciki, ko kuma wani ɗan ƙashi na bayan gwiwa da ya kamata ya manne wajen wata 5 ya ƙi mannewa. Ciwo ne na gado, kuma ya fi kama manyan karnukan waje da ake saye don gadi: Jaman Shefad da ake ce wa karen 'yan sanda, Rotwaila, Laburado da ire-irensu. Da wuya ka gan shi a jikin karnukanmu na farauta marasa nauyi.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu, gwiwar ba za ta koma kamar ta lafiyayye ba, ko an yi tiyata ko ba a yi ba. Amosanin gaɓa zai biyo baya. Abin da ke hannunka shi ne saurin zuwansa da tsananinsa, kuma mafi yawan wannan aikin a tsakar gida ake yin sa.

Mataki na 1: Kada ka bar gaban likita ba ka fahimta ba

A nan Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kuma asibitin dabbobi na jiha. Duk inda ka je, ka nemi a ɗauki hoton gwiwa biyun, ko da ɗaya yake ɗingisawa, domin sau da yawa ciwon yana duka ɓangarorin, wadda ta fi zafi ce kawai take nunawa. Akan yi wa kare allurar barci kafin hoto, saboda haka ka tambaya tun daga gida ko za a hana shi abinci.

Tambayoyin ba su da yawa. "Likita, wane iri ne a cikin nau'o'in ciwon? Guringuntsin ya ci sosai? Tiyata za ta amfane shi a wannan shekarun, ko mu fara da kula ta gida?" Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya kama ƙaramar tsaga a kowane lokaci, hoton siti-sikan, na na'urar da ke nuna cikin ƙashi dalla-dalla, ya fi shi gani, don haka in likita ya ce yana zargi amma bai gani ƙarara ba, ba gazawarsa ba ce. Ka kuma yarda a gwada jini in ya nema. Kaska tana sa wa kare cututtukan da ke kawo kasala da ciwon gaɓoɓi, kuma a garin nan ba a raba kare da kaska.

Mataki na 2: Kwanon abinci

Nan ne maganar take. Wanda ya sayi Rotwaila da kuɗi masu kauri yana son ya ga ya cika ya batse cikin wata shida, baƙo ya leƙo ya ja da baya. Sai a yi ta ɗura masa abinci, kwano ba ya bushewa. To ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare, kuma duk kilo ɗaya da ya ƙaru a kan wannan karkatacciyar gwiwa yake sauka, a kowane taku.

An taɓa yin wani dogon bincike a Amurka a kan karnukan Laburado 48, aka fitar da sakamakonsa a 2002. An raba su biyu, rabi aka riƙa ba su abincin da ya gaza na 'yan'uwansu da kashi 25 cikin 100 har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara 2, amosanin gaɓa kuma ya makara kafin ya kama su. Ba allura, ba ƙwaya, awon abinci ne kawai.

Kada kuma ka ji tsoron zai tsumbure. Tsawon da kare zai kai yana cikin jininsa, abinci mai yawa saurin isa wurin kawai yake ƙarawa, kuma saurin shi ne ke ɓata gaɓa.

Ga yadda za ka auna da hannunka. Shafa gefen ƙirjinsa ba tare da dannawa ba, ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Tsaya a kansa ka duba daga sama, ka ga ƙugu ya shiga ciki bayan haƙarƙari. Daga gefe kuma ciki ya ɗage sama, kada ya sauko. In sai ka nutsa yatsu kafin ka taɓa ƙashi, ya yi ƙiba, ko da maƙwabta suna yaba kyansa. Ka sami kofi ɗaya na awo, a raba abincin yini gida biyu ko uku, in ya ci a ɗauke kwanon. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi. Gidan da uwargida ta zuba sauran tuwo, yara suka jefa biredi, maigadi ya ƙara da ƙanzo, babu wanda ya san abin da karen nan ya ci. A ɗora shi a sikeli duk mako biyu a rubuta. Tunda girma yake yi, nauyin zai ƙaru, amma a hankali ake so.

In za ka iya sayen abincin buhu, ka nemi wanda aka rubuta na kwikwiyon manyan karnuka ne, don an auna kalsiyam ɗinsa. Wannan sinadari shi ne tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Da an ji "ciwon ƙashi" sai a sayo ƙwayar kalsiyam ko garin ƙashi a riƙa barbaɗawa. Jikin kwikwiyo bai iya zubar da rarar kalsiyam kamar na babba ba, abin da aka ba shi yake tsotsewa, kuma yawansa yana ɓata yadda guringuntsi ke zama ƙashi. A ɗaya ɓangaren, wanda ke ba shi zallar nama da kayan ciki daga mahauta ya bar shi da ƙarancin kalsiyam, ƙashi ya yi laushi. Don haka mai dafawa a gida ya zauna da likita a tsara masa awo. A kiyaye shi daga sauran miya, domin albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya, mu kuwa ba ma girki sai da ita. Lokacin layya ma a ja wa yara kunne a kan kitse.

Man kifi yana da amfani ga gaɓa, likita zai faɗi adadin gwargwadon nauyi. Ƙwayoyin gulukosamin da ake tallatawa don gyaran gaɓa kuwa hujjarsu ba ta da ƙarfi, a ganina kuɗinsu gara a sa shi a abinci mai kyau.

Mataki na 3: Inda yake takawa da yadda yake motsi

Al'adar gidajen da ke da karen gadi ita ce a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa ko a kulle a keji tun safe, da dare a sake shi. Jiki ya sandare yini guda, sannan ya fito a guje, ya yi ta dirar mikiya a jikin get duk lokacin da babur ya wuce. Babu abin da ya fi wannan cutar da gwiwa. Na 'yan watannin nan a sallame shi daga gadi. A ware masa ɗan fili mai inuwa inda zai tashi ya juya ya miƙe, amma ba zai sami wurin gudu ba.

Zaman wuri ɗaya ma ba magani ba ne, domin tsokar da ke riƙe gaɓar za ta zube. Abin da ake so tafiya ce a igiya, a natse, minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a yini. In mako ya wuce ba matsala a ƙara 'yan mintoci. Alƙalin shi ne yadda ya tashi bayan ya huta: in ɗingishin ya fi na jiya, an zarce, a koma baya. Ban da jefa masa ƙwallo, ban da kokawa da wani kare, ban da hawa da saukar bene. In za a sauke shi daga mota a tallafe shi, musamman bayan a-kori-kura, don a dira ƙafar gaba ce ke karɓar komai.

Ƙasa mai tauri wadda aka daɓe ta fi dacewa. Rairayi mai zurfi yana gajiyar da gaɓa, tayil kuma santsi, sai a shimfiɗa tsohuwar darduma ko tabarmar roba a inda yake bi. A riƙa yanke masa farce.

Yanayin garinmu shi ke tsara lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a fita da shi bayan sallar asuba sai kuma bayan isha'i. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko intalok, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa zai ƙone. Da hunturu kuma safiya ce ke wahalar da shi. Kada ya kwana a kan siminti, a sa masa yankin katifa a lungun da iska ba ta bugawa, kafin a fita a gasa masa gwiwar da tawul mai ɗumi na kamar minti 10, ɗumin da fatar hannunka za ta jure.

Mataki na 4: Magani daga likitan dabbobi kaɗai

Akwai magungunan rage zafi da kumburi da ake ba karnuka, irin su melozikam da kafurofen. Likita ne zai auna da nauyinsa, a ba shi bayan ya ci abinci. Abin da ke kashe karnuka shi ne tausayin da ya bi ta kemis. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don ciwon jiki suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, ko da kaɗan ne. Farasitamol ma kada ka auna da ka. Haka nan kada a haɗa maganin likita da wasu magungunan kumburi da ake kira dexamethasone ko prednisolone, haɗin nan yana kawo gyambon ciki mai zubar da jini. In an taɓa yi masa wata allura a gida, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta komai.

Ko maganin da ya dace yana neman ƙoda mai isasshen ruwa, wannan kuwa babbar magana ce a bazarar Sakkwato. Ruwa mai sanyi ya kasance a gabansa dare da rana, a kwanon da ba ya kifewa. Ranar da ka ga amai, ko gudawa, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko ya ƙi abinci, ka dakatar da maganin ka kira likita a ranar. In zai daɗe yana sha za a riƙa gwada jininsa don duba ƙoda da hanta. Ka lura kuma, magani in ya kwantar da zafi kare zai ga kamar ya warke, ya nemi gudu. Igiyar tana nan daram.

Wani zai ce a kai shi wurin maɗori. Maɗori gwani ne a karaya da targaɗe, amma nan babu abin da ya karye da za a ɗora. Ja da murɗa zafi za su ƙara, ɗauri da karare kuma ya sandarar da gaɓar. Sannan kare mai jin ciwo yana cizo, ko da mai shi ne. In za a taɓa gwiwar a sa masa takunkumi, yara kuma su daina hawa bayansa.

Mataki na 5: In an yanke shawarar tiyata

Tana da amfani musamman ga ƙaramin kare da guringuntsinsa bai gama ci ba. Akan cire ɓallin da ya tsage, ko a ɗaure wanda ya ƙi mannewa, ko a yanka ɗaya daga ƙasusuwan don a sauya inda nauyi ke sauka. Ka tambayi likita wanne za a yi, a ina, da abin da za ka kashe har zuwa warkewa. Bayan cire ɓalli akan taƙaita motsi mako 4 zuwa 6, in an yanka ƙashi kuwa ya kan kai wata 2 zuwa 3. Kada ya lashi ɗinkin, a kuma kare wurin daga ƙuda da ƙura. In aikin ba na gaggawa ba ne, ku duba da likita ko za a kauce wa tsakiyar bazara. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya karaya, karnuka da yawa suna rayuwa da daɗi da awon abinci da tafiya da magani kawai.

Mataki na 6: Rubutu, da maganar haihuwa

Ka riƙa ɗaukar bidiyonsa da waya sau ɗaya a mako, yana tahowa gare ka, a wuri ɗaya. Idon da ke ganinsa kullum ba ya kama canji, shi kuma kare in ya shiga asibiti tsoro kan sa ya ɓoye ɗingishi. Kalli kansa a bidiyon: yana ɗaga shi sama ne daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa. In ya daina taka ƙafar gaba ɗaya, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi, kada ka jira ranar da aka ba ka.

Kada a haɗa shi barbara, namiji ne ko mace, komai kyansa da tsadar 'ya'yansa, domin zai gadar. Ka sanar da wanda ya sayar maka don ya san abin da iyayen ke ɗauke da shi. Dandaƙa kuwa kada a yi gaggawarta, a manyan karnuka likitoci da yawa sun fi son a bari ƙashi ya gama girma, wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai ku tsayar da lokacin tare da likitanka.