Yadda zaka gane harajin gaskiya da na bogi idan kana da shago

Wallahi abin yana damuna, ka shiga kasuwar Kwari ko Singa a Kano kaji ɗan kasuwa yana cewa yau ƴan rabanu, wato masu karɓar haraji, sun zo, jiya ma wasu sun zo, kuma kowa da kalar rasit ɗinsa. Irin wannan ne ke sa mai jari ya tattara ya koma wata jihar, ga matsalar wuta ga tsadar dizal, je ka Sharaɗa da Bompai ka ƙirga masana'antun da suke rufe.

Farko dai ka san wa yake da haƙƙi a kanka. In sunan kasuwanci kawai kayi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko baka yi ba ma sam, harajin ribarka na jihar da kake zaune ne, hukumar harajin jihar ce zata karɓa, a Kano KIRS kenan, a Kaduna KADIRS. In kuwa kamfani ne limited to harajin ribar na tarayya ne, hukumar da ake kira FIRS da, yanzu ta koma NRS. Kuɗin shago da na rumfar kasuwa wannan yawanci na ƙaramar hukuma ne. Duk wanda yazo ka tambaye shi cikin mutunci, malam daga wace hukuma, ina katin shaidarka, ina takardar da aka rubuto sunana da abin da ake bina? Na gaskiya baya jin haushin wannan tambayar.

Sannan kar ka ba kowa kuɗi a hannu, nan ne mutane suka fi cutuwa. Mutum zai ce kawo dubu biyar a rufe maganar, ka bashi ya yago maka wata ƴar takarda ba lamba ba hatimi, bayan wata uku wasu su zo su duba kwamfuta suce ai baka taɓa biya ba, su garƙame maka shago, kaga anci kuɗinka kuma gwamnatin bata gani ba. Ka karɓi lambar biya kaje banki ko ka tura ta waya zuwa asusun gwamnati, ka ɗauki hoton rasit ɗin, asalin kuma ka saka a leda ka ajiye a gida saboda gobara. Kaduna tun 2016 ta haɗe harajinta a doka ɗaya ta hana karɓar tsabar kuɗi, ni a ganina duk jihar da take son masu jari su zauna daga nan ya kamata ta fara.

Ka sayi littafi ko na ɗari biyar ne, kullum ka rubuta ciniki, kuɗin kaya, haya, albashin yaran shago. In baka da lissafi kintata maka zasu yi, suga shago cike da atamfa su ɗauka duk naka ne alhali rabi bashi ne. A sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko a ribar da ka samu a shekara babu haraji a kai, amma da me zaka nuna in ba littafin?

In sun yanka maka abin da ya wuce hankali kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka kai ofis da kanka a buga maka hatimi a kwafinka. Kuma ku tafi ta ƙungiyar kasuwarku, an fi sauraron mutum hamsin akan mutum ɗaya.